Tantance Gidajen Haya Cikin Hanzari: Nazarin Lissafin Masu Zuba Jari a Shirin Sashe na 8 na Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda masu zuba jari a gidajen haya na Amurka suke tantance gida cikin ɗan lokaci, idan manufarsu ita ce bayar da shi haya ga iyalan da gwamnati take tallafa wa a ƙarƙashin shirin da aka fi sani da Sashe na 8. Ta fara da bayyana asalin shirin da yadda kuɗinsa suke gudana, sannan ta bi matakan lissafin ɗaya bayan ɗaya tare da misali. Maƙalar ta nuna cewa amfanin lissafin hanzari shi ne tankaɗe gidajen da ba su cancanci a ɓata lokaci a kansu ba, kuma duk wanda ya mayar da shi hujjar saye yana jefa jarinsa cikin haɗari, yana kuma tura iyalai marasa ƙarfi zuwa unguwannin da shirin ya so fitar da su daga ciki.

1.0 Gabatarwa

A kasuwar gidaje ta Amurka akwai wani rukuni na masu jari da suka mayar da hankali kan 'yan hayar da gwamnati take biya wa wani kaso na kuɗin haya. Abin da yake jan hankalinsu a fili yake: kason da hukuma take biya yana shiga asusun mai gida a kowane wata, ko ɗan haya ya samu aiki ko ya rasa. A ƙasar da ake biyan haya wata-wata, saɓanin biyan shekara guda gaba da aka saba da shi a biranen Nijeriya, wannan tabbaci yana da daraja babba. Sai dai gidajen da suka dace da irin wannan kasuwanci masu araha ne, masu neman su kuma suna da yawa, don haka gida mai kyau ba ya daɗewa a kasuwa. Mai jari yakan duba tallace-tallacen gidaje da dama a intanet kafin ya samu ɗaya da ya cancanci ziyara. Daga nan ne buƙatar lissafin hanzari ta taso.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: me ake iya ganewa game da gida a cikin 'yan mintoci, me kuma ba a iya ganewa sai an je an gani? Amsa wannan tambaya tana buƙatar fahimtar tsarin shirin tukuna, domin dokokinsa ne suke yanke iyakar kuɗin da gida zai kawo.

2.0 Asali da Tsarin Shirin

Sunan Sashe na 8 ya samo asali ne daga sashe na takwas na Dokar Gidaje ta 1937, kamar yadda aka yi masa kwaskwarima a Dokar Gidaje da Raya Al'umma ta 1974, wadda Shugaba Gerald Ford ya sanya wa hannu. Kafin lokacin, babbar hanyar da gwamnatin tarayya take bi ita ce gina rukunin gidaje mallakar hukuma. Dokar 1974 ta karkata akalar tallafin zuwa gidajen 'yan kasuwa, wato iyali ya nemi gida a kasuwa, gwamnati ta cika masa abin da ya gaza. A 1998 aka haɗe nau'o'in tallafin da suke bin ɗan haya suka zama shiri guda na takardar tallafin haya. A yau iyalai sama da miliyan biyu ne suke amfana da wannan takarda.

Kuɗin suna fitowa ne daga Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane, wadda ake taƙaita sunanta da HUD, amma hukumomin gidaje na birane da gundumomi da jihohi, waɗanda yawansu ya haura 2,000, su ne suke gudanar da shirin. Ana bai wa iyali takarda idan kuɗin shigarsu bai wuce rabin matsakaicin kuɗin shigar yankin ba, kuma doka ta tanadi cewa kashi 75 cikin 100 na sababbin takardu su tafi ga mafiya talauci, waɗanda kuɗin shigarsu bai wuce kashi 30 cikin 100 na matsakaicin ba. Tallafin ba haƙƙi ba ne da kowane mai cancanta yake samu. Majalisar dokoki ce take ware kuɗinsa a kowace shekara, kuma kusan iyali ɗaya ne cikin huɗu da suka cancanta yake samun wani nau'in tallafin haya daga tarayya. Wannan ya sa jerin masu jira yake da tsawo, a wasu birane ana shafe shekaru kafin layi ya zo kan mutum.

Idan iyali suka samu takarda, ana ba su wa'adin aƙalla kwana 60 su nemo gida. Idan sun samu mai gidan da ya amince, hukuma za ta duba kuɗin hayar da ya nema, ta tura jami'i ya binciki gidan, sannan ta ƙulla yarjejeniyar biya da mai gidan. Iyali suna biyan kimanin kashi 30 cikin 100 na kuɗin shigarsu na wata, hukuma ta biya ragowar har zuwa wata iyaka. Wannan iyaka ita ce mafarin duk wani lissafi.

3.0 Matakin Farko: Gano Hayar da Za a Amince da Ita

Kuskuren da ya fi yawa a tsakanin sababbin masu jari shi ne ɗaukar adadin da ma'aikata ta wallafa a matsayin kuɗin da zai shiga aljihunsu. Akwai matattara huɗu da wannan adadi yake bi kafin ya zama haya ta haƙiƙa.

Ta farko ita ce ƙiyasin hayar kasuwa, wanda HUD take fitarwa duk shekara ga kowane yanki da kowane girman gida, kuma yake fara aiki ranar 1 ga Oktoba. Ma'anarsa ita ce, idan aka jera gidaje 100 masu matsakaicin inganci da aka kama haya kwanan nan, daga mafi araha zuwa mafi tsada, hayar gida na 40 ita ce ƙiyasin. Ke nan adadin yana ƙasa kaɗan da tsakiyar kasuwa.

Ta biyu ita ce ma'aunin biya. Kowace hukumar gidaje tana da ikon yanke nata ma'aunin tsakanin kashi 90 zuwa kashi 110 cikin 100 na ƙiyasin ma'aikata ba tare da neman izini ba. Saboda haka hukumomi biyu da suke makwabtaka suna iya bambanta ƙwarai a kan gidaje masu kama da juna. Ma'aunin hukumar da gidan yake ƙarƙashinta shi ne abin dubawa.

Ta uku ita ce alawus na wuta da ruwa da ɗumama ɗaki. Ma'aunin biya ya ƙunshi haya da waɗannan kuɗaɗe gaba ɗaya. Idan ɗan haya ne zai riƙa biyan su, sai a cire adadin da hukuma ta ƙiyasta musu daga ma'aunin, abin da ya rage shi ne mafi girman hayar da tallafi zai ɗauka. A jihohin arewa masu tsananin sanyi wannan alawus yakan yi nauyi, musamman a tsofaffin gidaje.

Ta huɗu ita ce gwajin dacewar haya. Doka ta hana hukuma amincewa da hayar da ta wuce abin da ake biya a gidaje makamantansa da ba su da tallafi a yankin. Idan ma'auni ya ba da damar dala 1,250 amma makwabta suna biyan dala 1,150, to ƙaramin adadin ne zai tsaya. Haka kuma an haramta wa mai gida karɓar wani ƙari a bayan fage daga hannun ɗan haya, kuma a farkon yarjejeniya ba a yarda kason iyali ya wuce kashi 40 cikin 100 na kuɗin shigarsu ba.

Akwai kuma batun yawan ɗakunan kwana. Takardar kowane iyali tana ɗauke da adadin ɗakunan da suka cancanta gwargwadon yawansu, kuma ana amfani da ƙaramin ma'auni ne tsakanin girman takarda da girman gida. Gida mai ɗaki huɗu da aka bai wa mai takardar ɗaki uku, ma'aunin ɗaki uku zai samu. Duk waɗannan alƙaluma ana samun su a rubuce a wajen hukuma, wanda ya tanade su a gabansa kuwa zai iya fitar da hayar haƙiƙa a cikin minti biyu ko uku.

4.0 Mataki na Biyu: Ƙa'idojin Tankaɗe

Bayan an san haya, masu jari sukan yi amfani da wasu gajerun ƙa'idoji da suka zama ruwan dare a tsakaninsu. Babu wata doka da ta kafa su, al'adar kasuwa ce kawai.

Ƙa'idar kashi ɗaya tana cewa hayar wata guda ta kai aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimlar kuɗin da aka kashe a kan gidan, wato farashi da gyara da kuɗin kammala ciniki. Gidan da ya ci dala 100,000 ya kamata ya kawo dala 1,000 a wata. Ƙa'idar rabi kuwa tana cewa kusan rabin hayar shekara zai tafi a hidimar gidan: haraji, inshora, gyare-gyare, ladan wakilin da yake kula da gidan, da watannin da gidan zai zauna babu kowa. Biyan bashin banki ba ya cikin wannan rabin. Abin da ya rage bayan an cire hidima shi ne tsantsar kuɗin shiga, kuma idan aka raba shi da jimlar kuɗin gidan sai a samu kason ribar jari na shekara. Ma'auni na ƙarshe shi ne wanda bankuna suke dubawa: sau nawa tsantsar kuɗin shiga ya ninka abin da ake biyan banki a shekara. Masu ba da bashi da dama sukan nemi ya kai 1.2 ko 1.25.

Raunin waɗannan ƙa'idoji shi ne suna auna hidima da kason haya, alhali yawancin hidimar gida ba ta san haya ba. Sabon rufi, ko tukunyar ɗumama ruwa, ko injin ɗumama ɗakuna, kusan kuɗi ɗaya suke ci a gidan dala 80,000 da gidan dala 300,000 idan girmansu ɗaya ne. Ke nan a gida mai araha hidima takan haura rabin haya nesa ba kusa ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan maganar ta zauna daidai.

5.0 Misalin Lissafi

Alƙaluman da suke tafe na misali ne kawai, an zaɓe su domin nuna yadda lissafin yake tafiya. A ɗauka an tallata gida mai ɗakin kwana uku a kan dala 90,000, ma'aunin biya na hukumar yankin kuma dala 1,500 ne. Mai gaggawa zai raba 1,500 da 90,000 ya samu kusan kashi 1.7 cikin 100, ya ga gidan ya tsallake ƙa'idar kashi ɗaya da rata mai yawa. Zai ƙiyasta hayar shekara dala 18,000, ya cire rabi, ya ga saura dala 9,000.

Mai bin matakai kuwa zai fara cire alawus na wuta da ruwa, a ce dala 250, sai iyaka ta dawo dala 1,250. Zai duba makamantan gidaje ya tarar ana biyan dala 1,150, wato dala 13,800 a shekara. Zai ƙara dala 15,000 na gyaran da gidan yake buƙata kafin ya ci binciken hukuma, da dala 3,000 na kammala ciniki, jimla ta zama dala 108,000. Yanzu hayar wata ba ta wuce kashi 1.06 cikin 100 ba. Daga nan sai hidima: wata guda na zaman gida babu kowa dala 1,150, ladan wakili dala 1,265, harajin gida dala 2,200, inshora dala 1,200, ƙananan gyare-gyare dala 1,400, ajiyar manyan gyare-gyare dala 1,400. Jimlar hidima ta kama dala 8,615, tsantsar kuɗin shiga kuma dala 5,185, wato kashi 4.8 cikin 100 na jarin.

Idan mai jarin ya ci bashin kashi 75 cikin 100 na farashi, wato dala 67,500, a kan kuɗin ruwa na kashi 7 cikin 100 na tsawon shekara 30, zai riƙa biyan banki kimanin dala 5,389 a shekara. Gidan da ya yi kama da garaɓasa ya koma yana cin dala 200 daga aljihun mai shi duk shekara, bayan ya zuba tsabar dala 40,500. Da kuɗin ruwan kashi 4 ne, biyan banki zai sauka zuwa kimanin dala 3,867, a samu rarar dala 1,300. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne a tarihin kasuwar na kusa, domin kuɗin ruwan bashin gida na shekara 30 ya sauka ƙasa da kashi 3 a 2021, sannan ya haura kashi 7 a 2023. Ƙa'idar kashi ɗaya ba ta sauya ba a tsakanin shekarun biyu, amma gidajen da suka tsallake ta sun tashi daga masu riba zuwa masu asara.

Amfanin lissafin a nan shi ne ana iya juya shi a fitar da farashin tayi. Idan ana son tsantsar kuɗin shiga ta ninka biyan banki sau 1.25, to biyan bai kamata ya wuce dala 4,148 a shekara ba. Wannan ya yi daidai da bashin kimanin dala 52,000, wato farashin da bai wuce kimanin dala 69,000 ba. Mai jari ya san abin da zai taya, ya kuma san inda zai tsaya.

6.0 Mataki na Uku: Abin da Alƙalami Ba Ya Gani

Gidan da ya tsira daga tankaɗe yana buƙatar a je a gan shi, domin a shirin Sashe na 8 yanayin gini sharaɗi ne na biya. A bisa ƙa'ida, hukuma ba ta fara biya sai gida ya ci bincike, kuma ana maimaita binciken aƙalla sau ɗaya a shekara biyu. Jami'i yana duba wayoyin lantarki, da hanyar ɗumama ɗakuna, da ruwan zafi, da tagogi da makullai, da matakala da abin dafawa, da na'urorin gargaɗin hayaƙi da iskar gas mai guba. Aibin da yake barazana ga rai dole a gyara shi cikin awa 24, sauran kuma yawanci cikin kwana 30. Idan mai gida ya gaza, hukuma tana dakatar da biya. Ma'aikatar ta fito da sabon tsarin bincike mai suna NSPIRE a 2023, wanda ya ƙara mayar da hankali kan lafiya da tsaron mazauna, kuma hukumomi suna komawa gare shi a hankali.

Shekarar gini ma tana da muhimmanci na musamman. A 1978 ne Amurka ta haramta fenti mai ɗauke da dalma a gidajen zama. Duk gidan da aka gina kafin wannan shekara, idan yaro ɗan ƙasa da shekara shida zai zauna a ciki, ana duba fentinsa, kuma inda ya ɓare dole a gyara shi ta hanyar da doka ta tsara. Gubar dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara ta yadda ba a iya mayar da ita. Yawancin gidaje masu araha a tsofaffin biranen masana'antu irin su Cleveland da Detroit da Baltimore sun girmi 1978 da shekaru masu yawa. Birnin Cleveland ma ya kafa doka a 2019 wadda ta wajabta wa masu tsofaffin gidajen haya samun takardar shaidar kariya daga dalma.

Haraji shi ma yakan yaudari mai sauri. Adadin da aka rubuta a talla shi ne wanda mai gida na yanzu yake biya, wanda wataƙila yana cin moriyar rangwamen mai zama a gidansa. A jihar Michigan, alal misali, doka ta taƙaita yadda ƙimar haraji take ƙaruwa duk shekara muddin gida yana hannu ɗaya, amma da zarar an sayar sai a sake ɗora ta bisa ƙimar kasuwa. A wasu birane kuma bashin ruwan da ɗan haya ya bari yana maƙalewa ne a kan gidan, mai gida ya gaje shi.

Sai kuma ita kanta hukumar gidajen. Tsawon lokacin da take ɗauka tsakanin miƙa takardu da bincike da biyan farko ya bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma kowane mako na jira asara ce ga mai gida. Neman ƙarin haya ma yana buƙatar sanarwar kwana 60 da sabon gwajin dacewa.

7.0 Iyakar Tabbacin Biya

Kalmar tabbaci da ake yawan dangantawa da shirin tana buƙatar a yi mata iyaka. Abin da hukuma ta lamunta shi ne kasonta kaɗai, kuma wannan kaso yana hawa yana sauka da kuɗin shigar iyali. A misalin da ya gabata, haya da alawus sun haɗu dala 1,400. Iyalin da suke samun dala 1,200 a wata kasonsu dala 360 ne, don haka hukuma za ta biya dala 1,040, su kuma su bai wa mai gida dala 110 su biya wuta da ruwa da ragowar. A nan kashi 90 cikin 100 na haya daga hukuma yake fitowa. Iyalin da suke samun dala 3,000 kuwa kasonsu dala 900 ne, hukuma ta biya dala 500 kacal, abin da bai kai rabin haya ba. Gida ɗaya ne, haya ɗaya, amma nauyin haɗarin ya bambanta.

Har ila yau, hukuma tana tantance cancantar iyali ga tallafi ne, tantance halinsu a matsayin 'yan haya kuwa aikin mai gida ne. Ba ta biyan kuɗin ajiya, ba ta kuma biyan ɓarnar da aka yi wa gida. A gefe guda, masu takarda sukan daɗe a gida, saboda wahalar samun wani mai gidan da zai karɓe su, kuma daɗewar ɗan haya tana rage babbar asarar da ake yi wajen sauyi. Dokar Adalci a Gidaje ta 1968 ba ta hana mai gida ƙin karɓar takardar tallafi ba, amma jihohi irin su Kalifoniya da Massachusetts sun haramta hakan, yayin da Texas ta hana biranenta kafa irin wannan doka. Ta fuskar gwamnati ma akwai haɗari: zaftare kasafin kuɗin tarayya da aka yi a 2013 ya sa hukumomi da dama sun daina ba da sababbin takardu, yawan iyalan da suke cikin shirin ya ragu da dubun-dubata.

8.0 Inda Lissafin Hanzari Yake Kai Iyalai

Tasirin waɗannan ƙa'idoji bai tsaya a kan aljihun mai jari ba. Shekaru da dama ƙiyasin hayar kasuwa adadi ɗaya ne ga babban birni da kewayensa baki ɗaya. Sakamakon haka, a unguwannin masu hali adadin ba ya isa, a unguwannin talakawa kuma yakan zarce abin da kasuwa take biya. Duk mai jarin da ya raba wannan adadi da farashin gida, lissafinsa zai kai shi unguwar da gidaje suka fi arha. Masaniyar zamantakewa Eva Rosen, a littafinta na 2020 kan unguwar Park Heights ta Baltimore, ta nuna yadda wasu masu gidaje suke farautar masu takarda da gangan domin cike gidajen da suke da wuyar samun 'yan haya, ta yadda zaɓin da shirin ya bai wa iyali ya koma hannun mai gida. Binciken Matthew Desmond da Kristin Perkins a Milwaukee, wanda ya fito a 2016, ya gano cewa ana cajin masu takarda fiye da marasa tallafi a gidaje makamanta.

Muhimmancin wannan ya fito fili daga gwajin da gwamnati ta fara a 1994 a birane biyar, wato Baltimore da Boston da Chicago da Los Angeles da New York, inda aka bai wa wasu iyalai takardar da sai a unguwa mai ƙarancin talauci take aiki. Nazarin Raj Chetty da Nathaniel Hendren da Lawrence Katz na 2016 ya nuna cewa yaran da suka yi irin wannan ƙaura kafin su cika shekara 13 sun samu kuɗin shigar da ya haura na takwarorinsu da kimanin kashi 31 cikin 100 bayan sun girma. Ke nan unguwar da mai jari ya zaɓa tana da hannu a makomar yaran da za su tashi a gidansa.

Domin gyara wannan karkata ne aka ɓullo da ƙiyasin haya na ƙananan yankuna, wanda ake fitarwa ga kowace shiyyar gidan waya. An fara aiki da shi a Dallas a 2011 bayan sulhun wata shari'a, sannan ƙa'idar da ma'aikata ta fitar a 2016 ta wajabta shi a manyan birane 24 daga 2018, daga baya aka ƙara wasu. A ƙarƙashinsa ma'auni yana tashi a unguwanni masu tsada, yana sauka a masu araha. Ga mai jari, wannan na nufin tsohuwar dabarar sayen gida mafi arha a karɓi hayar tsakiyar birni ta rasa tushe a waɗannan wurare, gidajen unguwanni masu matsakaicin hali kuma, waɗanda a da ba sa tsallake tankaɗe, sun fara shiga lissafi.

9.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa tantance gida cikin hanzari a shirin Sashe na 8 abu ne mai yiwuwa, matuƙar an bi shi a jere: a fara da ma'aunin hukumar yankin, a cire alawus, a gwada da hayar makwabta, a lissafa hidima da adadinta na haƙiƙa maimakon kaso, sannan a auna abin da ya rage da biyan banki. Wannan aiki na 'yan mintoci ya isa ya fitar da mafi yawan gidaje daga lissafi, ya kuma nuna farashin da ya dace a taya. Yanayin gini, da shekarunsa, da harajin bayan saye, da halin hukuma, da ingancin unguwa kuwa, sai an je an bincika. Gajerun ƙa'idojin kasuwa suna ɓoye waɗannan abubuwa ne daidai inda suka fi nauyi, wato a gidaje mafiya araha. Mai jarin da ya tsaya a kansu yakan ƙare da tsohon gida mai cin kuɗi a unguwar da ba ta da makoma, iyalin da suka shafe shekaru suna jiran takarda kuma su ne suke zama a cikinsa.